MAI DIGIRI MA SAI YA KOYI KOYARWA

A ƙauyuka da yawa, idan aka ji an turo sabon malami makarantar firamare, abin da iyaye kan fara tambaya shi ne, "Ina iyakar karatunsa?" In aka ce musu ai ya gama jami'a, har yana da digiri, sai hankalin kowa ya kwanta. Lalle digiri ba ƙaramin abu ba ne. Mai shi ya sha wuya kafin ya same shi. To amma akwai tambaya ta biyu wadda ba a cika yi ba, alhali kuwa ba ta gaza ta farko ba. Tambayar ita ce, "An koya masa yadda ake koyarwa?"

Sanin abu daban, iya koyar da shi daban. Kowane gari akwai manomin da ba a kama ƙafarsa wajen huɗa. Amma a ba shi yaro ya koya masa, ba abin da za a ji sai tsawa da faɗa. Ƙarshe ya karɓe garmar ya yi abinsa. Haka karatu yake. Mutum yana iya zama gwanin lissafi a jami'a, amma ya kasa ganar da yaro ɗan shekara bakwai abin da ya sa ake rubuta goma da alama biyu, watau 1 da 0.

Wannan magana ta shafi kowane gida. Uba yakan haƙura da taimakon ɗansa a gona ko wajen kiwo har shekara shida. Uwa takan haƙura da aiken 'yarta. Ga kuɗin littafi, ga na kayan makaranta. Idan bayan shekara shida yaro ya fito bai iya karanta wasiƙa ko katin asibiti ba, an yi biyu babu ke nan. Saboda haka ya kamata iyaye su san irin horon da ake ba malamai, musamman masu digiri.

MATAKAN KARATUN MALANTA

A Nijeriya akwai hanyoyi uku da aka fi bi a zama malami.

Ta farko ita ce kwalejin ilimi. Wanda ya gama sakandare yakan yi shekara uku a can, ya fito da takardar shaidar malanta da ake kira N.C.E. Ita ce mafi ƙarancin takardar da gwamnati ta yarda a shiga aikin koyarwa da ita. A da, takardar malanta mai daraja ta biyu ake nema, amma an daina ba da ita.

Ta biyu ita ce digiri a fannin ilimi. Wannan yakan ɗauki shekara huɗu a jami'a. Ɗalibi yana koyon darasin da zai koyar, yana kuma koyon dabarun koyarwa a lokaci guda.

Ta uku ita ce ta wanda ya yi digiri a wani fanni dabam, kamar aikin gona, ko tarihi, ko kimiyya, sa'an nan ya so ya zama malami. Shi wannan sai ya koma makaranta ya yi babbar diflomar koyarwa, wadda aka fi sani da P.G.D.E. Takan ɗauki kimanin shekara ɗaya ga wanda ya zauna ya yi ta gaba ɗaya. Mai aiki, wanda ke zuwa ƙarshen mako ko lokacin hutu, nasa yakan fi haka tsawo. Ana yin ta a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, watau N.T.I., ita ma tana ba da wannan horo ga waɗanda ke karatu daga gida.

Sama da waɗannan akwai digiri na biyu da na uku a fannin ilimi. Masu irin wannan karatu su ne akasari ke koyar da malamai a kwalejoji, su tsara manhaja, su rubuta littattafan makaranta. Watau su ne malaman malamai. Idan nasu horon ya yi kyau, amfanin yakan gangaro har ajin ɗaya na makarantar ƙauye.

A shekarar 1993 aka yi dokar kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, watau T.R.C.N. Aikinta shi ne ta yi wa malamai rajista, kamar yadda ake yi wa likitoci da lauyoyi. Digiri kaɗai bai isa a yi wa mutum rajista ba, sai ya haɗa da takardar koyon koyarwa. Tun daga shekarar 2017 kuma, sai mutum ya ci jarrabawar hukumar.

ABIN BA SABO BA NE

Tun zamanin Turawa aka gane cewa malanta sana'a ce da ake koyo. A shekarar 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. A nan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi karatu, haka ma Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam. Dukkansu sun riƙe alli kafin su zama abin da suka zama.

Tafawa Ɓalewa ya daɗe yana koyarwa a Bauchi, amma duk da haka a shekarar 1945 ya tafi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan ya ƙaro sani kan aikin malanta. Malam Aminu Kano shi ma ya je can a shekarar 1946. Ba su ga ƙasƙanci ba ne malami ya koma ɗalibi.

A shekarar 1976 gwamnati ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yaran da suka zo sun fi waɗanda aka yi tsammani. Malamai suka yi ƙaranci, dole aka ɗauki waɗanda horonsu bai nuna ba. A wannan shekarar ce aka kafa cibiyar nan ta Kaduna, don a horar da malamai suna bakin aikinsu. Darasin da aka koya shi ne, gina aji ya fi gina malami sauƙi.

ME AKE KOYA WA MAI DIGIRI?

Ana koya masa yadda hankalin yaro ke girma, da abin da ɗan shekara shida zai iya ɗauka da wanda ba zai iya ba. Ana koya masa rubuta shirin darasi kafin ya shiga aji. Ana koya masa yadda zai riƙe aji mai yara da yawa ba da bulala ba, da yadda zai auna ko sun gane. Bayan wannan, kowane darasi yana da nasa dabarun. Ga guda huɗu waɗanda su ne ginshiƙan firamare.

1. KARATU DA RUBUTU

Wannan shi ne tushe. Yaron da bai iya karatu ba, ba zai iya karanta tambayar lissafi ko ta kimiyya ba.

Malamin da ba shi da horo yakan rubuta jimla a allon aji, ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi. Wanda ke wucewa ta bayan taga sai ya ce karatu ya kankama. Alhali kuwa hadda ce kawai. A rubuta wata sabuwar kalma, sai aji ya yi tsit.

Mai horo ya san karatu hawa-hawa ne. Da farko yaro ya saba da jin sautin da ke cikin kalma. Sa'an nan ya san harafin da ke tsaye a madadin kowane sauti. Sai ya haɗa baƙi da wasali su ba da gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Sai ya haɗa gaɓa da gaɓa su ba da kalma, kamar "ba" da "ki" su zama "baki". Daga nan sai jimla, sai karatu ba gargada. A ƙarshe malam ya rufe littafi ya tambayi yaro abin da labarin ya ce.

Ya kuma san wuraren da yara ke tuntuɓe. Ɗan lanƙwasan da ke kan harafi yana sauya ma'ana. "Kafa" ba "ƙafa" ba ce. "Bari" ba "ɓari" ba ne. "Daidai" ba "ɗaiɗai" ba ne. Duk wanda ya zauna a ajin yaƙi da jahilci ya san wannan wuri da santsi.

Wani bincike da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a shekarar 2013 ya nuna akasarin 'yan aji biyu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Bayan haka ne aka fito da shirin Mu Karanta a jihohin biyu, da taimakon ƙasar Amurka. Babban aikin shirin shi ne sake horar da malamai kan wannan hawa-hawa. Malam ya yi yara su gani, sa'an nan su yi tare, sa'an nan yaro ya yi shi kaɗai.

Akwai kuma batun harshe. A shekarar 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a Ile-Ife. Aka koyar da wasu yara da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka bar shi darasi guda. Yaran suka yi ƙoƙari ƙwarai, ba su kuma zama koma-baya a Turanci ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta shekarar 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa. A shekarar 2022 gwamnati ta ce a yi haka har aji shida. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce a koma koyarwa da Turanci. Ko wace doka ake bi, yaron ƙauye da Hausa ko Fillanci ko wani harshen gida yake zuwa makaranta. Dole malam ya san yadda zai ɗora sabon sani a kan wanda yaro ya zo da shi.

2. LISSAFI

Yarinyar da ke tallan ƙosai ba ta kuskuren canji. Amma a rubuta mata lissafin a takarda sai ta rikice. Ashe ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. Gada ce babu tsakanin lissafin kasuwa da na littafi. Aikin malam shi ne gina wannan gada.

Ga misali. An ce yaro ya ɗebe 17 daga 42, sai ya rubuta 35. Malamin da ba shi da horo zai ja masa jan biro, ya ce daƙiƙi ne. Mai horo kuwa zai tsaya ya duba inda 35 ta fito. Yaron ya ga 7 ba za ta fita daga 2 ba, sai ya juya ya ɗebe 2 daga 7, ya sami 5. Ya ɗebe 1 daga 4, ya sami 3. Kuskuren yana da dalili, kuma yana da magani.

Maganin tsinken tsintsiya ne. A ƙulla tsinke goma-goma. Arba'in da biyu shi ne ƙulli huɗu da tsinke biyu. Za a ɗebe bakwai, ga shi warwara biyu ce kawai. Sai yaro ya kwance ƙulli ɗaya da hannunsa. Yanzu yana da ƙulli uku da tsinke goma sha biyu. Ya ɗebe bakwai, saura biyar. Ya ɗebe ƙulli ɗaya, saura biyu. Amsa 25. Yaron da ya kwance ƙullin nan da kansa ya gane abin da ake nufi da "aro" a lissafi, ba zai manta ba.

Haka nan yara da yawa kan ɗauka 1/4 ya fi 1/2, don 4 ta fi 2. Sai malam ya kawo rake biyu masu tsawo ɗaya. Ya raba ɗaya gida biyu, ɗaya gida huɗu. Ya ce kowa ya zaɓi yanki guda. Ba yaron da zai ɗauki kwata ya bar rabi.

3. KIMIYYA

Wasu malamai kan ce ba za su iya koyar da kimiyya ba don babu ɗakin gwaji. A horon malanta ana nuna musu cewa ƙauye cike yake da kayan gwaji. Kimiyyar firamare ita ce yaro ya duba da kyau, ya yi tambaya, ya gwada, ya faɗi abin da ya gani.

A sami gwangwani uku a zuba ƙasa, a shuka wake. Na farko a ba shi ruwa a ajiye a rana. Na biyu a hana shi ruwa. Na uku a ba shi ruwa amma a rufe shi cikin duhu. Kafin mako biyu yara sun ga bambanci da idonsu: na farko kore shar, na biyu bai tsiro ba, na uku ya yi tsawo amma fari-fari ba ƙarfi.

Ko a ɗebo ruwan kwata mai 'yan tsutsotsi a kwalba, a rufe bakin da ƙyalle. Bayan 'yan kwanaki sai a ga sauro a ciki. Yaron da ya ga haka ya san inda sauro ke fitowa. Ya san dalilin da ya sa ake cewa a kifar da tsofaffin gwangwanaye da fasassun tukwane. Wannan darasi yana iya kare gida daga zazzaɓin cizon sauro.

A shekarar 2006 Nijeriya da ƙasar Japan suka fara wani shiri na sake horar da malaman lissafi da kimiyya a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Abin da shirin ya fi ƙarfafawa shi ne yara su riƙa taɓa abu da hannunsu, malam kuma ya riƙa sarrafa kayan aiki daga abin da ke kusa da shi.

4. ILIMIN ZAMANTAKEWA

Wannan darasi yana koya wa yaro sanin kansa, da mutanensa, da ƙasarsa. Sunansa a jadawali ya sha sauyawa, amma manufar tana nan.

Hanya mai sauƙi ga malami ita ce ya sa yara su haddace jihohi 36 da manyan biranensu. Mai horo ba daga nan zai fara ba. Zai fara daga gida, sai unguwa, sai gari, sai ƙaramar hukuma, sai jiha, sai ƙasa. Yakan fita da yara fili su zana taswirar garinsu a ƙasa: ga kasuwa, ga rijiya, ga gidan dagaci, ga burtali. Yaron da ya zana garinsu, in ya ga taswirar Nijeriya ba za ta ba shi tsoro ba.

Yakan gayyato dattijo ya ba da tarihin kafuwar garin. Yakan sa yara su tattauna abin da manomi ke samu wajen makiyayi, da abin da makiyayi ke samu wajen manomi. Yakan nuna musu aikin kansila da na shugaban ƙaramar hukuma, da amfanin ƙuri'a. Ana kuma koya wa malam ya yi adalci in ajinsa ya haɗa yara masu harshe ko addini dabam-dabam, kada ya fifita wani.

GWAJIN KOYARWA

Ba a koyon iyo a tudu. Saboda haka kafin a ba ɗalibin malanta takarda, sai an tura shi wata makaranta ya yi makonni yana koyarwa. Malaminsa na jami'a yakan zo ya zauna a bayan aji. Ya duba shirin darasinsa, ya ga ko yana tambayar 'yan baya kamar 'yan gaba, da mata kamar maza. In an tashi ya nuna masa inda ya yi daidai da inda zai gyara. Mutanen gari da aka turo wa irin waɗannan ɗalibai, yana da kyau su karɓe su hannu biyu, su taimaka musu da masauki.

ƘAFA BIYU MALAMI KE TAFIYA DA SU

Kada a ɗauka dabara kaɗai ta isa. Wanda bai san abu ba, ba shi da abin koyarwa. A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu. Ta ce 21,780 daga cikinsu ba su sami maki 75 cikin ɗari ba. Ƙungiyar malamai ba ta yarda da yadda aka yi jarrabawar ba, har aka yi yajin aiki. Amma abin ya tuna wa kowa cewa takarda ba ita ce sani ba.

Ashe ƙafa biyu malami ke tafiya da su: sanin darasi, da iya koyar da shi. Mai digiri ana sa ran yana da ta farko. Horon malanta shi ke ba shi ta biyu. Bayan haka sai gwamnati ta yi nata, ta biya albashi a kan kari, ta kuma ba malamin ƙauye abin da zai sa ya zauna. In ba haka ba, ƙwararru birni za su tare, ƙauye ya tashi a tutar babu.

ABIN DA IYAYE ZA SU IYA YI

Wanda ya iya karanta wannan jarida ya isa ya auna karatun ɗansa. Ga hanyoyi huɗu:

A miƙa wa yaro ɗan aji uku wani rubutun Hausa mai sauƙi da bai taɓa gani ba, ya karanta, sa'an nan ya faɗi abin da ya gane.

A ba shi lissafin cefane, ya yi da ka, sa'an nan ya rubuta a takarda.

A tambaye shi abin da suka gwada ko suka taɓa da hannunsu a makaranta a wannan wata.

A ce ya zana hanyar da yake bi daga gida zuwa makaranta.

Idan an ga rauni, ba faɗa za a je yi ba. A sami malam cikin mutunci a ce, "Malam, ga abin da na gani, yaya za a taimaki yaron nan?" Malamin kirki zai ji daɗin wannan tambaya. Idan raunin na aji duka ne, sai a kai maganar taron iyaye da malamai, ko kwamitin kula da makaranta. Su kuma su tambayi hedimasta malamai nawa ne ke da takardar koyarwa. Suna da ikon rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, su nemi a turo masu horo, ko a tura waɗanda ke nan su ƙaro sani.

Sa'an nan garin da ke da ɗa ko 'ya mai digiri yana zaune ba aiki, a ƙarfafa masa gwiwa ya yi wannan difloma ta shekara ɗaya. Ɗan gari ya san harshen yara, ya san iyayensu, ba ya kuma gudu in damina ta yanke hanya. Malama 'yar gari kuwa takan sa iyaye su saki jiki su bar 'ya'yansu mata a makaranta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma sai an sami hannun da ya iya, in ba haka ba karyewa zai yi. Saboda haka in an turo sabon malami, a yi masa maraba, a tambayi iyakar karatunsa, kada kuma a manta da tambaya ta biyu.